Ƙofar da ta makara wurin rufewa: yadda gado ke rikita bugun zuciya

A shekarar 1957 wasu likitoci biyu a ƙasar Norway, Anton Jervell da Fred Lange-Nielsen, suka wallafa labarin wani gida mai 'ya'ya shida. Huɗu daga cikin yaran kurame ne tun haihuwa, kuma su ɗin ne dai kan yanke jiki su faɗi sumammu in sun yi guje-guje ko wani abu ya firgita su. Uku sun mutu farat ɗaya, babu wanda ya cika shekara 10. Uwa da uba garau suke, suna ji, ba sa suma. An saurari ƙirjin yaran, ba a ji alamar huda a zuciya ba, ba a ga kumburi ba. Abu guda ne ya fita daban: a takardar gwajin ECG, wannan doguwar takarda mai zanen hawa da sauka, tazarar da ke tsakanin alamar Q da alamar T ta zarce ƙima. Sai da aka shafe shekara 40 kafin a gano abin da ya haɗa kunnen yaran da zuciyarsu.

In aka ce ciwon zuciya, abin da ke zuwa a ran yawancinmu shi ne dattijo mai hawan jini, ƙafa ta kumbura, numfashi na sarƙewa. Wannan lalurar naman zuciya ce ko ta jijiyoyinta. Wadda ake magana a kai a nan daban take. Naman lafiya lau, bawul lafiya lau, jijiya a buɗe, in an fiɗe gawa ma babu abin da ido zai gani. Abin da ya lalace shi ne lokaci, kuma lokacin da ake aunawa da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan.

Zuciya famfo ce mai kunna kanta, tana bugawa kusan sau 100,000 a yini da dare. Kowane bugu lantarki ne ke tayar da shi, amma babu waya babu batir. Gishiri ne narke a ruwan jiki: sodiyam, irin na gishirin miya, da fotasiyam, da ake samu a ayaba da wake da dankali, da kalsiyam na ƙashi da nono. Kowannensu na ɗauke da caji. Kowace ƙwayar tsokar zuciya kuma tana kewaye da wani tantani, tamkar ganuwa. A bayan ganuwa sodiyam ya fi yawa, a cikin gari fotasiyam ya fi yawa, kuma ba mai ƙetarewa sai ta ƙofarsa. Ƙofofin furotin ne da aka dasa a jikin tantanin, kowace da wanda take bari ya wuce, kowace da lokacin buɗewarta da na rufewarta, kamar yadda a da sarkin ƙofa ke rufe ƙofar birni in rana ta faɗi ya buɗe da asuba.

Ga yadda bugu ɗaya ke gudana. Ƙwaya na hutawa, cajin cikinta ya yi ƙasa da na waje da kusan milibolt 90. Saƙo ya iso daga maƙwabciya, sai ƙofofin sodiyam su buɗe a tare, sodiyam ya kwararo ciki, caji ya yi tsalle sama, su kuma ƙofofin su rufe kansu cikin milisakan ɗaya ko biyu. Daga nan ƙofofin kalsiyam, masu nawa, su buɗe su daɗe a buɗe. Kalsiyam ɗin da ya shigo shi ne ke umartar tsoka ta matse ta tura jini. A ƙarshe ƙofofin fotasiyam su bar fotasiyam ya fice, caji ya sauko inda ya taso, ƙwaya ta shirya wa bugu na gaba. Duka wannan bai wuce kashi ɗaya cikin uku na sakan ba. Tazarar QT da likitocin Norway suka gani ita ce ma'aunin wannan tafiya, daga shigar sodiyam zuwa gama fitar fotasiyam. Bayan an daidaita lissafi da saurin bugu, ta namiji ba ta cika wuce milisakan 450 ba, ta mace 460. In ta haura 500 likita kan gyara zama.

Wanda ya taɓa tsayawa kallon mata uku suna lugude a turmi ɗaya ya riga ya fahimci haɗarin. Taɓarya na sauka ne daidai lokacin da 'yar'uwarta ta tashi. Guda ɗaya ta yi jinkirin ɗagawa da ƙiftawar ido, sai ka ji ƙwal, luguden ya watse. Haka a zuciya. In saukowar caji ta yi jinkiri, ƙofofin kalsiyam da suka riga suka rufe sukan sami sararin sake buɗewa, su harba wani bugu da ba a kira shi ba. Wannan bugun ya tarar da wasu ƙwayoyin sun shirya, wasu ba su gama ba, sai igiyar lantarkin ta riƙa kauce wa marasa shiri tana zagaye tana bin wutsiyarta. Zuciya ta kama gudu, sau 200 ko fiye a minti, ba ta samun cika balle ta tura jini. Wani likitan Faransa, François Dessertenne, ya bayyana wannan salon bugu a 1966 ya raɗa masa suna torsades de pointes, saboda zanensa a takarda na murɗewa kamar igiyar da ake tufka.

Sau da yawa guguwar kan tsaya da kanta bayan 'yan sakanni. Mutum ya faɗi, ƙwaƙwalwa ta rasa jini, wani lokaci gaɓoɓi su yi ta fizga, sannan ya farfaɗo kamar ba shi ba. Nan ne ake ɓatan kai, domin duk wanda ya ga wannan faɗuwa farfaɗiya zai ce, wani ya ce iska ce. Ko a ƙasashen da ke da kayan aiki an sha ɗora irin waɗannan mutane kan maganin farfaɗiya shekara da shekaru. Ranar da guguwar ta ƙi tsayawa, sai bugun ya rikiɗe ya zama makyarkyata kawai, kuma in ba a kawo ɗauki cikin 'yan mintoci ba shi ke nan.

To ina gado ya shigo? Kowace ƙofa da umarnin ƙirarta a rubuce cikin ƙwayar gado, kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Rubutu ne mai dubban haruffa, kuma harafi ɗaya ya isa ya sauya zance, kamar yadda lanƙwasa ɗaya ta raba ƙafa da kafa, ta raba ɓata da bata. A 1995 ɗakin binciken Mark Keating a Jami'ar Utah ta Amurka ya gano biyu daga cikin ƙwayoyin gadon da ke jawo doguwar QT, wato KCNH2 da SCN5A, a 1996 kuma aka ƙara da KCNQ1. Su ukun nan ne ke da alhakin kusan kashi 75 cikin 100 na waɗanda ciwon ya tabbata a kansu. Wani bincike da aka yi a Italiya, inda aka yi wa jarirai fiye da 44,000 gwajin ECG, ya nuna kusan mutum ɗaya cikin 2,000 na ɗauke da lalurar. Ba ƙaramin adadi ba ne in ka lissafa shi a kan gari mai mutum miliyan huɗu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan fanni shi ne yadda kowace ƙofa ke da irin ranar da asirinta ke tonuwa. KCNQ1 ke ƙera wata ƙofar fotasiyam da za a iya kira ta ko-ta-kwana. In mutum na zaune ba a cika bukatarta ba. Amma da ya fara gudu, sinadarin adirenalin ya hau, bugu ya ƙaru, dole kowane zagaye ya gajarta, to ita ce ke buɗewa sosai ta gaggauta fitar fotasiyam. Wanda tasa ta lalace ba ya sanin komai sai a filin ƙwallo, ko kuma a ruwa, domin iyo na daga cikin abubuwan da suka fi tayar da wannan nau'i. Yaron da ya iya ruwa sarai amma ya nutse a inda bai kai masa wuya ba, akwai tambayar da ya kamata a yi game da shi.

Akwai wani lissafi a nan mai ban mamaki. Ƙofar ba guntu ɗaya ba ce, ɓangarori huɗu ne iri ɗaya ke haɗuwa su yi ta. Mai kwafi ɗaya lafiyayye da ɗaya gurɓatacce yana ƙera rabin ɓangarori masu kyau, rabi marasa kyau, sai ka zaci rabin ƙofofinsa za su yi aiki. Ina! In gurɓataccen ɓangaren irin wanda ke shiga sahu ne ya ɓata sauran, to sai an dace duka huɗun masu kyau ne kafin ƙofa ta yi aiki, wato ɗaya cikin 16. Wake ɗaya ke nan da ke ɓata gari. Shi ya sa sauyin da ke hana ƙera ɓangaren ɗungurungum wani lokaci ya fi sauƙi a kan wanda ke ƙera shi a karkace.

Wannan ƙofa ɗin dai tana aiki a can cikin kunne, inda take zuba fotasiyam a ruwan da ji ya dogara da shi. Kwafi ɗaya mai kyau ya ishi kunne. In duka biyun suka lalace, sai a haifi yaro kurma mai zuciya cikin haɗari, kuma abin da ya sami yaran Norway ke nan, kamar yadda aka tabbatar a 1997. Lissafinsa irin na sikila ne da muka sani: uwa na ɗauke, uba na ɗauke, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Auren zumunci na ƙara yiwuwar haɗuwar irin waɗannan kwafi biyu, don haka yaron da aka haifa kurma kuma yana yawan suma ya cancanci gwajin ECG kafin a ce komai. Sai dai kwatancen sikila na da iyaka. Nau'in da ya fi yawa, wanda Romano a Italiya da Ward a Ailan suka bayyana a 1963 da 1964, kwafi ɗaya ya isa ya kawo shi, ba kurumta, kuma kowane ɗa na da yiwuwar rabi da rabi ya gada.

Ƙofa ta biyu, KCNH2, ita ma ta fotasiyam ce, an fi saninta da hERG, sunan da ya samo asali daga wani ƙudan 'ya'yan itace da masu bincike suka ga yana karkaɗa ƙafafu kamar mai rawa in an shaƙa masa sinadarin sa barci. Masu wannan nau'i firgita ce abokiyar gabarsu: ƙarar agogo da asuba, waya ta yi ruri a tsakar dare, a buga ƙofa da ƙarfi mutum na barci. Mata sun fi shiga haɗari a watannin jego, har zuwa wajen wata tara bayan haihuwa.

Ta uku, SCN5A, ita ce ƙofar sodiyam, kuma matsalarta akasin na sauran ce. Ba ƙin buɗewa take ba, ƙin rufewa ruf take. Sodiyam ya riƙa ɗiga ciki kamar famfon da bai ɗauru ba, fotasiyam na fita ana mayar da hannun agogo baya. Wannan ya fi tsanani in bugu ya yi sanyi, shi ya sa masu shi a barci ko a hutu abin ke samunsu.

Ita wannan ƙofa ta sodiyam tana da wata fuskar. In sauyin ya rage mata ƙarfi maimakon ya bar ta tana yoyo, sai a sami wani ciwon daban, wanda 'yan'uwa biyu likitoci 'yan Sifaniya, Pedro da Josep Brugada, suka bayyana a 1992 daga marasa lafiya takwas. Mutanen kudu maso gabashin Asiya sun daɗe da saninsa kafin likitoci. A Tailan ana ce masa lai tai, a Filifin bangungut, a Japan pokkuri: ƙato majiyi ƙarfi, ɗan shekara 30 ko 40, ya ci tuwon dare ya kwanta, a ji yana gurnani, da safe a tarar da gawa. A wasu ƙauyukan arewa maso gabashin Tailan har maza kan kwana da tufafin mata, wai don su ɓad da kama ga fatalwar wata bazawara da aka yi imani ita ke ɗauke maza. Sun lura da gaskiya guda, domin ciwon ya fi kama maza ninki takwas zuwa goma. Zazzaɓi na daga manyan abubuwan da ke tayar da shi, saboda zafi na ƙara raunana ƙofar da dama ba ta da ƙarfi, har akan ga alamar a ECG lokacin zazzaɓi ta ɓace in jiki ya yi sanyi. A inda maleriya ke kwantar da mutum sau biyu ko uku a shekara, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Akwai ma wani babban dangi a Holan da sauyi guda ɗaya tak a SCN5A ya ba su alamun ciwon biyu a haɗe, doguwar QT da Brugada.

Akwai wani ciwon kuma da ya fi su iya ɓuya, gudun zuciya ne da adirenalin ke tayarwa, ana taƙaita sunansa da CPVT. Shi ƙofarsa ba a ganuwa take ba, a rumbun kalsiyam na cikin ƙwaya take, kuma ƙwayar gadon RYR2 ke ƙera ta, kamar yadda aka gano a 2001. In adirenalin ya hau sai rumbun ya yi yoyo. ECG na mai hutawa ba ya nuna komai, sai an sa yaro gudu a kan na'ura ana kallon bugun.

Yanzu ga inda zancen ya shafi wanda bai gaji komai ba. Bakin ƙofar hERG ta ciki na da faɗi, kuma magunguna iri-iri kan shiga su maƙale su toshe ta. A kan haka aka janye maganin mura da ƙaiƙayi terfenadine daga kasuwar Amurka a ƙarshen shekarun 1990, aka bi da maganin ciki cisapride a 2000, kuma yau duk sabon magani sai an gwada shi a kan wannan ƙofa. Halofantrine, maganin maleriyar da aka sayar da sunan Halfan har a kemis-kemis ɗinmu, an gano a 1993 yana tsawaita QT har ya kai ga mutuwar farat ɗaya. Kwinin da kulorokwin ma suna taɓa ta, haka maganin kashe ƙwayoyin cuta erythromycin da na taɓin hankali haloperidol. Kada a fahimce ni a karkace: a ma'aunin da likita ya rubuta, ga mai lafiyayyun ƙofofi, haɗarin magungunan maleriyar da ake sha yanzu ƙanƙani ne ƙwarai, maleriyar ta fi su kisa nesa ba kusa ba. Matsalar tana wurin taruwa. Ɗauki mace mai ɗan rauni a ƙofa da ba ta san da shi ba. Ta kwana uku tana amai da gudawa, fotasiyam ɗin jininta ya faɗi, wanda shi kansa yana rage aikin hERG. Aka je kemis aka haɗo mata na maleriya da na kashe ƙwayoyin cuta da na tsayar da amai, kowanne na danna ƙofa ɗaya. Babu ɗayansu da zai kayar da ita shi kaɗai.

Akwai kuma wani ɗan sauyi a SCN5A mai suna S1103Y da ya shafe mu kai tsaye. Binciken da aka wallafa a 2002 ya same shi a kusan kashi 13 cikin 100 na baƙaƙen fatar Amurka, ga shi kuma a mutanen Afirka ta Yamma, alhali da wuya a gan shi a Turawa. Ba ciwo ba ne, mafi yawan masu shi za su tsufa ba su san da zamansa ba. Yana dai rage tazarar da ke tsakanin mutum da haɗari in magani ko ƙarancin fotasiyam suka zo.

Wannan ya kawo mu ga gwajin gado, wanda a ganina ana zuzuta shi fiye da kima. Samun sauyi ba ya nufin ciwo zai bayyana. A gida ɗaya, da sauyi ɗaya, wani ya mutu yana shekara 12, kawunsa ya kai 80, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye na masu ɗauke da sauyin doguwar QT, ECG ɗinsu daidai yake fita. A ciwon Brugada kuwa, mutum biyu zuwa uku ne kawai cikin goma ake samun sauyin SCN5A a jikinsu. A 2018 wani kwamitin masana ya sake tantance ƙwayoyin gado 21 da aka daɗe ana dangantawa da Brugada, ya ce guda ɗaya ce kawai hujjarta ta tsaya da ƙafarta. Ƙari a kan haka, yawancin bayanan da ake kwatanta sakamako da su daga jinin Turawa aka tara su, alhali 'yan Afirka sun fi kowa yawan bambance-bambancen gado. Harafin da ya zama ruwan dare a Katsina ko Maraɗi yana iya fitowa a rahoto a matsayin baƙon abu mai ban tsoro, don kawai ba a taɓa ganinsa a Landan ba.

Abin daɗin shi ne maganin bai kai gwajin tsada ba. Ga doguwar QT, musamman nau'i na ɗaya, wato na KCNQ1, ƙwayoyin da ke dakushe tasirin adirenalin, nadolol ko propranolol, suna rage haɗari ƙwarai, kuma propranolol tsohon magani ne mai araha. Sharaɗin shi ne kada a tsallake sha, domin yawancin waɗanda abin ya rutsa da su suna kan magani, ko sun daina sha ne ko sun haɗa da wani maganin da ke tsawaita QT. Ga mai yoyon sodiyam akan ƙara mexiletine, ga CPVT akan ƙara flecainide. Mai Brugada ana gargaɗinsa ya sauko da zazzaɓi da farasitamol ba tare da jira ba, kuma kwinidin, ɗan'uwan kwinin, na taimaka wa wasunsu. Wanda zuciyarsa ta taɓa tsayawa aka ceto shi, akan dasa masa wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fatar ƙirji da ke sauraron bugu ta ba da shokin in ya rikice. An fara dasa irinta a jikin mutum a 1980 a Amurka, amma kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin gidaje a nan.

Mu da ke binne mamaci cikin sa'o'i kaɗan, ba a cika binciken gawa ba, kuma ko an yi, a wannan lalura babu abin gani. Abin da ya rage a hannu shi ne bakin dangi da takardar ECG ta masu rai. Likitan da ya san aikinsa zai tambaya: a gidanku akwai wanda ya mutu farat ɗaya bai kai shekara 40 ba? A barci, ko a ruwa, ko a filin wasa? Akwai mai jegon da aka wayi gari babu ita ba tare da jinya ba? Wanda ake cewa yana da farfaɗiya, yaushe take kama shi, yana tsaka da gudu ne ko in an firgita shi? Sumar da ta zo bayan doguwar tsayuwa a rana, da jiri da gumi kafin faɗuwa, yawanci ba ta da haɗari. Wadda ta zo ana tsakiyar gudu, ba gargaɗi, ita ce ke bukatar a kai iyaye da 'yan'uwan ciki ɗaya duka a yi musu gwajin, ba wanda ya faɗi kaɗai ba.

In kuwa mutum ya faɗi a gabanka, ba ya amsawa, ba ya numfashi ko yana wani irin gurnani jefi-jefi, yayyafa ruwa da fifita da ɗura masa madara ba sa mayar da bugu. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora tafin hannu ɗaya bisa ɗaya a tsakiyar ƙirji, a riƙa dannawa da ƙarfi zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, in wani ya gaji wani ya karɓa, ana yi ana neman mota, kuma ko a cikin motar ba a dainawa har sai an isa inda ke da na'urar shokin.